Abin da Ya Sauke Ni a Tashar Dosso

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin lafiyar jiki da natsuwar zuciya. Allah Ya tsare ka a ruwa da tudu, Ya kai ka inda ka nufa, Ya maido mana da kai lafiya.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Sau biyu na gwada maganar da baki a makon nan, kuma duk lokacin da na fara sai in ji na karkata zuwa zancen shinkafa da ruwan sama. Shekara ashirin da wani abu ina cika wa direbobin manyan motoci takardu a bakin iyaka, har hannuna ya fi bakina iya magana. Innarka za ta ba ka ita bayan sallar Juma'a. Ka karanta kai kaɗai.

Ƙanena, Baba Sale, ya kira ni daga Yamai ranar Talata. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, ka san abin da ya hana yaron nan komawa jami'arsa a Parakou?" Na ce ai ya gaya mini karatun jami'ar ya fita ransa, yana so ya zauna ya kama gonarmu ta Tanda. Ya ce, "Ba karatun ba ne. Hanya ce."

Sai ya kwashe komai ya gaya mini. Ya ce tun da aka rufe gadar iyaka aka koma ƙetare kogi a kwalekwale, in tafiya ta rage kwana biyu ba ka iya cin abinci. Ya ce a tafiyarka ta baya, a wani shinge kafin Kandi, mai kaki ya karɓi kartenka, wato takardar shaidarka, ya shiga da ita rumfa ya daɗe, ƙirjinka ya ƙulle har ka ɗauka ranarka ce ta zo. Ya ce ka isa makaranta ka kwanta kwana uku, har wata jarrabawa ta wuce ka.

Zan gaya maka abin da na fara ji, ko da yake ba shi da daɗin faɗa. Ba tausayinka na fara ji ba. Kishi na ji. Na ce a raina, me ya sa Sale? Ina nan, tabarma ɗaya muke cin tuwo, sai ka tsallake ni ka kai damuwarka Yamai. Na ajiye wayar ina huci. Sai da na yi sallar la'asar na zauna, na ga amsar tana wurina. Ita ce zan rubuta maka.

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ita ma soji ne ke mulki, kamar yanzu. An ba ni gurbi a jami'a a Yamai, ni ne na farko a zuriyarmu. Kakanka ya sa aka yi mini akwatin ƙarfe, aka rubuta sunana a jiki da farin fenti, rabin Tanda suka raka ni bakin hanya. Kai ka san labarin kamar yadda kowa ya san shi, cewa na je na tarar an cire sunana daga jerin ɗalibai. Ba haka aka yi ba. Ban isa Yamai ba.

A lokacin ɗalibai da hukuma ba sa ga maciji, kullum ana jin an yi yajin karatu, an kama wasu. Da muka kusa shiga Dosso aka tsayar da motarmu, wani soja ya leƙo ya ce ɗalibai su sauko. Mu huɗu muka sauka. Aka tsayar da mu a rana kamar rabin awa. Ɗayansu ya dubi takardata ya ce, "Kai ma jifa da dutse za ka je ka koyo?" Suka yi dariya, suka maido mana da takardunmu. Wani cikinsu har ya ce Allah Ya ba da sa'a. Ba wanda ya taɓa ni ko da yatsa.

Amma ina komawa kujerata zuciyata ta kama gudu. Bakina ya bushe, yatsuna suka mutu, gumi ya jiƙa mini riga, na ji motar ta yi mini kaɗan. Wata tsohuwa Bazabarma da ke kusa da ni, da kwandon busasshen kifi a ƙafarta, ta dube ni ta ce, "Ɗana, lafiya? Ga ruwa ka sha." Na ce, "Lafiya lau, Inna." Na juya fuska ga taga.

Dosso na sani, a nan na yi lise, wato babbar sakandare. Abin da ke gabanta ne ban sani ba. Da motar ta tsaya a tasha na sauka kamar mai zuwa fitsari, na zagaya bayan masallaci na zauna. Ina jin direba yana ta busa oda, ina jin ana tambayar ina saurayin nan mai akwati. Ban motsa ba har suka tashi.

Nasiru, ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Ƙirjina ya buɗe, iska ta shiga, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Wannan daɗin ne ya cuce ni. Kafin awa ɗaya tsoron ya wuce gaba ɗaya, har ina mamakin abin da ya firgita ni, amma motar ta riga ta yi nisa, kuma kunya ba ta bar ni in hau ta gobe ba. Na kwana uku wurin wani abokina, na koma Tanda na yi wa kakanka ƙarya. Ya ce, "Allah bai nufa ba," ya ɗauki tarunsa ya tafi kogi. Ya rasu bai san gaskiya ba.

Ga abin da na koya, ko da yake a makare. Tsoron nan yana hawa, ya kai inda zai kai, ya sauka da kansa. Bai kashe ni ba a motar, kuma bai kashe ka ba a shingen Kandi. Kada ka yanke shawara yana kan hawa. In zuciyarka ta ce ka sauka, ka ce mata sai tasha ta gaba, in an kai can ka ƙara mata wata. In na kusa da kai ya tambaye ka lafiya, kada ka ba shi amsata. Ka ce, "Gabana ne ke faɗuwa, ɗan yi mini hira." Da na karɓi ruwan tsohuwar nan na gaya mata gaskiya, ina jin da ta riƙe ni da zance har Yamai.

Bayan shekara biyu Sale ya ci nasa bak. Mutanen da suka raka ni su ne suka fara shirin raka shi, ni kuwa ina ji kamar ana zuba mini barkono a ciki. Ana gobe zai tafi, da la'asar, na zaunar da shi gindin mangwaron gidanmu wai zan ba shi shawara. Na ba shi labarin ɗaliban da ake saukewa a hanya ba a sake ganinsu, da motocin da ke kifewa bayan Dosso. Rabi na ji a tasha, rabi ni na ƙirƙira ina zaune. Na ga fuskarsa tana canjawa. Ya ce, "Yaya, to kada in tafi ke nan?" Na ce, "Ni dai ban ce ba."

Ya tafi. Daga baya yakan ba da labarin yana dariya, wai sau biyu ya yi amai kafin Dosso. A Yamai ya tarar da akwatina a gidan wani ɗan garinmu, inda direban ya ajiye shi. Ya je ofishin makaranta ya tambaya, aka ce masa ba wanda ya cire sunana, ni ne ban zo ba. Da ya dawo hutun farko ya shigo da akwatin ɗakina, ya ajiye a kusurwa, ya ce, "Yaya, ga akwatinka." Na dubi idonsa na san ya sani.

Bai taɓa gaya wa kowa ba har yau. Mai hankali zai gode masa, ni kuwa shirun nasa ya fi ƙona ni. Da ya tona ni, da na sami dalilin jin haushinsa. Sai ya bar ni da ƙyashi tsura. Ranar da ya karɓi takardar gama karatu na ce aiki ya riƙe ni. In ya zo gida da salla nakan kira shi "mushe", wato ranka ya daɗe na Faransanci, a gaban mutane, da muryar da kai ma ka sani. In aka yabe shi sai in ce ai mu muka zauna muka riƙe gida har ya samu ya yi karatun.

Kuma abin da na yi masa a gindin mangwaro na yi maka shi a kan tabarmar tuwo. Ka tuna labarin kwalekwalen da ya kife da buhunan masara, sau nawa na maimaita shi a hutun nan? Ka tuna ɗan kasuwar da na ce an riƙe shi kwana biyu? Ba ƙarya ba ne, amma ni na zaɓo su. Tun da aikinmu ya tsaya kusan kullum ina bakin kogi, ina ganin jama'a suna ƙetarewa tun safe har yamma, da tsofaffi da masu ciki da babura, su je su dawo lafiya. Ban taɓa kawo maka labarinsu ba.

Saboda haka ka lura da wanda ke ba ka labarin hanya. Ka tambaye shi yaushe ya bi ta. In ya ce ji ya yi, ka gode masa ka tashi. Saƙonnin muryar nan da ake ta turawa a waya, wai an yi kaza a wuri kaza, ka daina buɗe su in tafiya ta matso. Hanya tana da haɗarinta, ban ce babu ba, lokacin ma ba na wasa ba ne. Amma ka nemi labarinta wurin direban da ya zo jiya ko ɗalibin da ya riga ka tafiya, ba wurin wanda ke zaune a inuwa ba, ko da ubanka ne.

Akwai wani laifin da ya fi mini nauyi. Hutunka na farko, da ganyen shinkafar mutane ya fara yin ja, ka tuna yadda suka riƙa zuwa ƙofar gida? Shekara da shekaru duk wanda takarda ta gagara wurina yake kawo ta, ni ne mai boko a unguwa. Ran nan wani dattijo ya gaishe ni a tsaye, ya wuce tabarmata, ya ce, "Ina ɗan jami'ar?" Na yi murmushi na nuna masa ɗakinka. Ina jin ka kana yi masa bayani a natse, kana faɗin abubuwan da ban sani ba. Na yi alfahari, wallahi na yi, amma akwai wani abu mai ɗaci a ƙarƙashinsa. Sai na ga kamar kana sanye da rigar da aka ɗinka mini ban sa ba.

Bayan kwana kaɗan ka kawo mini buta zan yi alwalar azahar. Ka tsuguna ka ce a hankali, "Baba, in na tuna hanya gabana faɗuwa yake." Na ce, "Kai ba namiji ba ne? Mata da goyo ma suna ƙetarewa." Ka ce, "Haka ne, Baba." Ka ajiye butar ka tashi.

Duk garin Gaya ba wanda ya kai ni sanin abin da kake nufi. Na san bushewar bakin, na san mutuwar yatsun. Amma a lokacin sai na ji sanyi a raina, wai na gano wurin da ɗan jami'a ya gaza. Ka kawo mini ciwonka na taka shi don in ƙara tsawo. Daga ranar ba ka sake yi mini zancen ba, kuma ba ka yi laifi ba. Ka yafe mini.

Abin da ke damunka ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ciwo ne, yana kama mai ƙarfi yana kama mai salla. Baba Sale ya ce likitoci sun san shi, kuma akwai yadda ake koya wa mutum ya shawo kansa. In ka isa ka je ɗakin shan magani na makaranta, ka faɗi abin kamar yadda yake, kada ka ce ciwon kai ne kawai. Ka gaya wa malamin da jarrabawarsa ta wuce ka gaskiyar dalili. Ka haɗa da addu'a, ɗaya ba ya hana ɗaya. Kuma ka ci gaba da kiran Baba Sale. Ba zan ɓoye maka ba, duk ranar da na ji kuna hira kuna dariya zan ji zafi. Wannan zafin nawa ne, ni zan ji da shi. Baba Sale ya fi ni iya saurare, kuma ya bi hanyar da ban bi ba.

Saura na ƙarshe. Makon jiya da ka ce ka fasa komawa za ka kama noma, ka tuna abin da na ce? Na ce, "To, madalla." Ban tambaye ka dalili ba, ban ce ka sake tunani ba. Shekara biyu ka yi kana wahala, saura ɗaya, na sallama ta cikin kalma biyu.

Innarka ce ta kama ni. Ranar Laraba da hantsi tana gyaran kifi a tsakar gida, ban ma san tana lura ba, ta ce, "Malam, tun da yaron nan ya ce ya fasa, ka fi cin tuwo."

Na ce, "Me kike nufi?"

Ta ce, "Ban nufi komai ba. Na ga dai kai kana walwala, shi yana ramewa."

Gaskiya ta faɗa. Murna nake yi. In ka zauna, mun zama biyu, ba ni kaɗai ba ne wanda hanya ta mayar gida. Na zauna a kan turmi na ba ta labarin Dosso, wanda ba ta taɓa ji ba duk zamanmu. Ba ta daina kankare kifin ba har na gama. Sannan ta wanke hannu ta ce, "Ni ba abin da zai yi mini. Shi ya kamata ya ji."

To ka ji. Ba umarni nake ba ka ba, ba ni da bakin umarni a wannan magana. Gonar Tanda taka ce, in ka gama karatu ka ce ita kake so zan fi kowa farin ciki, kuma wannan karon da zuciya ɗaya. In ma yanzu ka ga zaman ya fi, ka zauna, amma ka tabbata kai ne ka zaɓa, a ranar da hankalinka ke kwance. Na san yadda zaman da tsoro ya zaɓa wa mutum yake. Shekarar farko sauƙi ne. Bayan nan duk motar da ta tashi daga tasha sai ka bi ta da ido, duk wanda ya dawo da abin da ka bari sai ka nemi aibinsa, har ɗan da ka haifa.

In ka yanke za ka tafi, ga abin da na shirya. Jiya na je bakin kogi na yi magana da Hamani, mai kwalekwalen da na sani tun muna samari. Ba ya cika kaya fiye da kima, kuma yana da rigunan ruwa. Ka sa ɗaya ko da ana dariya. Ya ce a zo da sassafe kafin iska ta tashi. Akwai ɗalibai biyu ƴan Bengou da za su koma Parakou ranar Litinin, na ga uban ɗayansu, ya ce ku haɗu. Ka zauna kusa da su, kuma tun kafin mota ta tashi ka gaya musu halin da kake ciki, don kada sai abin ya zo ka fara neman kalma. Ka karya da abu mara nauyi, kada ka tafi da yunwa, kada kuma ka sha shayi mai ƙarfi. Kartenka da katin makaranta da takardar allurar rigakafi ka sa su a leda ɗaya cikin aljihun gaba, don kada ka tsaya lalube a shinge. In an karɓa an shiga da su rumfa, sau da yawa rubutawa kawai ake yi a littafi. Wannan kam na sani, aikina ne. Ka gaishe su, ka amsa abin da aka tambaye ka, ka tsaya nan. In ƙirjin ya fara, ka dafa ƙafafunka a ƙasa sosai, ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi jan tsawo, kana hasbunallahu a zuci.

Zan ƙetare da kai har tashar Malanville in ga ka shiga mota. Daga nan ba zan iya ba. Sau biyu kacal na je Yamai a rayuwata, duka biyun rashin lafiya ce ta kai ni, kuma idona a rufe na wuce Dosso. Abin bai sake ni ba, don ban taɓa tsayawa na fuskance shi ba. Kai ka riga ka fi ni. Sau nawa ka hau hanyar nan da tsoronka a ƙirji, kuma ka isa.

Abu ɗaya nake roƙo. Shekara biyu kana jami'a ban taɓa tambayarka yadda take ba. Ka ɗauka ban damu ba ne. Ba na son ji ne. In Allah Ya dawo da kai hutu mai zuwa, ka zauna ka ba ni labarinta duka: girman ɗakin karatun, inda kake zama a ciki, yadda malami ke shigowa, abin da kuke ci da rana, irin gardamar da kuke yi in an tashi. Kada ka rage komai don ka tausaya mini. In ka ga fuskata ta canja, ka ci gaba.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya buɗe maka ƙirji, Ya sauƙaƙa maka ruwa da hanya da shinge. Allah Ya haɗa ka da abokan tafiya na kirki, Ya kare ka daga sharrin mai hassada na nesa da na kusa, Ya cire abin da ya rage a zuciyar ubanka. Allah Ya ba ƙasashen nan zaman lafiya, Ya sa ka gama abin da ka fara, Ya yi maka albarka. Innarka da yayarka suna sa maka albarka su ma.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
Isufu
Gaya